Baitin Da Ba Ya Cikin Faifai

"Ba ni yi," in ji mai molon. Bai ɗaga murya ba, amma duk wanda ke gaban rumfar ya ji shi.

Ranar bikin samun 'yancin kai ce, bayan la'asar, a filin makarantar Tambuwal. An yi jawabai, yara sun yi fareti da 'yan tutocinsu, saura nishaɗi. Ɗan'iya, malamin gona, shi ke riƙe da takardar tsarin biki, kuma shi ne ya sunkuya ya ba mai molon umarni ya fara da wasa manyan baƙi ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ka yi? To mi ya kawo ka daga Kebbe?"

"Waƙa aka ce in zo in yi. Ba a ce roƙo ba."

Malama Lauratu tana gefe da 'yan ajinta mata goma sha huɗu, tana hana su tura juna. Shekararta ɗaya da dawowa daga makarantar horon malamai, ita kaɗai ce mace mai riƙe alli a garin, kuma ta saba da kallon da ake yi wa wanda ya fita daban. Shi ya sa ta juyo ta dubi mutumin nan da kyau. Dogo ne, siriri, rigarsa ta saƙi wankakkiya, ƙafarsa ta manomi. Ba makaɗa a bayansa, ba 'yan amshi. Daga shi sai molo.

Kafin Ɗan'iya ya sake magana, mai molon ya zauna a kan tabarma ya taɓa tsirkiya.

Waƙar rijiya ya yi. Yadda innarsa ke sammako da tulu, yadda igiya ta ci mata tafin hannu, yadda take dawowa ta ba kowa ruwa ita ta sha na ƙarshe. Ba sunan sarki a ciki, ba na attajiri. Filin da ke ta hayaniya ya yi tsit, har wata tsohuwa mai sayar da ƙosai ta bar mai yana ƙonewa.

Da ya zo ƙarshe sai ya ɗaga kai, idonsa ya sauka a kan layin 'yan matan nan da malamarsu. Ya ɗan ja kiɗan, kamar mai neman hanya, sannan ya ƙara baiti ɗaya:

"Wani ya kai ɗiya tai karatu,
Gari na zunɗe, shi yai shiru.
Rijiya ce ya gina bai faɗi ba,
Ga masu ƙishi sun yi layi."

Lauratu ta san irin zunɗen da mahaifinta ya sha a kanta. Ta tambayi tsohuwa mai ƙosai sunan mawaƙin.

"Namadi na Kebbe. Ɗan manoma ne, wa ya san inda ya samo wanga hali."

Aka watse. Bai zo wurinta ba, ita ma ba ta je ba.

Sai da damina ta sake zagayowa sannan ta sake jin muryarsa. Wani tela da ya dawo daga Sakkwato ya zo da faifai, ya ce masu ɗaukar murya sun kai Namadi birni sun naɗe waƙoƙinsa huɗu. Lauratu ta aika aka saye mata shi. Makaranta tana da garmaho na koyar da Turanci, kuma a hannunta makullin akwatin yake. Da aka tashi yara, ta rufe ƙofar aji, ta wana hannun garmahon, ta ɗora allura.

Abin da ta ji ya fi na fili. A fili akwai iska da kukan jarirai. A nan kuwa har jan numfashinsa tana ji kafin ya ɗauki baiti, har gogar yatsa a kan tsirkiya. Akwai waƙar gero, akwai ta wani makiyayi da ya koya masa molo, akwai ta hanyar Kebbe da ke cinye ƙafar mota. Ta huɗu ita ce ta rijiya. Ta saurara har allura ta kai ƙarshe tana ƙarar banza. Ta sake wanawa. Sau uku.

Baitin nan babu shi.

Ta san Namadi bai yi boko ba, don haka da ajami ta rubuta, irin wanda mahaifinta ya koya mata tun kafin ta san alli:

"Zuwa ga Namadi mai molo. Bayan gaisuwa. Na saurari faifanka. Waƙar gero ta fi daɗi a faifai, ta hanya kuma ka yi sauri a tsakiyarta. Amma ta rijiya ba ta cika ba. Akwai baitin da ka yi a Tambuwal, ina ka kai shi? Ga hula da turare, tukuicin daɗin da na ji. Ni ce Lauratu, malamar 'yan mata."

Ta ba direban motar kasuwa ya kai wa Goggo Saudatu, ƙanwar mahaifinta da ke aure a Kebbe, ita kuma ta miƙa.

Bayan kwana tara ƙunshin ya dawo. Hula na nan, turare ko buɗe shi ba a yi ba. Takardar kaɗai ya riƙe. A maimakonta ga wata 'yar guntuwa:

"Malama, na ga saƙo, na gode. Gaskiyarki, na yi sauri a waƙar hanya. Kayan ga su nan, ki yi haƙuri."

Lauratu ba ta taɓa ba mutum abu ya mayar mata ba. Kwana biyu tana koyar da lissafi da fushi, har 'yan aji suka daina raɗa. Da hutu ya zo ta ce wa mahaifinta za ta gaida Goggo, ta hau motar Kebbe, ta sha jijjiga da turawa a cikin laka, ƙunshin yana kan cinyarta.

Goggo Saudatu ta aika aka kira Namadi daga gona. Ya zo da ƙasa a gwiwa, ya durƙusa a zaure ya gaida Goggo, sannan ya ce, "Malama, an zo lafiya?"

"Lafiya ba ta kawo ni ba. Hular ce ba ta yi maka ba, ko turaren ne bai kai darajarka ba?"

"Hular ta yi. Sai da na gwada ta kafin in mayar."

Goggo ta tuntsire da dariya. Lauratu ba ta yi ba.

"To don mi?"

Ya murza bakin tabarma. "Malama, kin san yadda abin yake. Duk gidan da mai waƙa ya karɓi tukuici, ya zama maroƙin gidan. Ya zo suna, ya zo biki, a ba shi riga, ya yi godiya daga bakin ƙofa. Shi da jikokinshi. Ba shi shiga ciki, balle ya nemi wani abu." Ya ɗago. "Ni kuwa a gidanku, ba bakin ƙofa nika son tsayawa ba."

Duk karatun Lauratu, wannan bai zo mata a rai ba. Ita a ganinta karramawa ta yi.

"Ke ɗiyar boko," in ji Goggo, "kin kusa ki rufe wa kanki ƙofa da hula guda."

"Baitin fa?" Lauratu ta tambaya, muryarta ta sauka.

"Faifai kowa ka saye. Tela ya sa, mai shayi ya sa. Wancan baiti kuwa na gida ɗaya ne. Ban kai shi kasuwa ba."

Ranar ta koma da hularta da turarenta, kuma ba ta ji jijjigar hanya ba.

Daga nan takardu suka fara tafiya a motar kasuwa. Shi yana buɗewa da "Malamata", ita tana buɗewa da "Na Kebbe". Takardunsa gajeru ne.

"Malamata, gero ya yi kai. Na ga wata tsuntsuwa tana koya wa 'ya'yanta tashi, tana faɗa kamar ke. Allah ya bar mu tare."

Nata sun fi tsawo, kuma ba ta fasa gyara ba.

"Na Kebbe, ni ba ni faɗa, koyarwa nika yi. Allurar garmaho ta uku ke nan na cinye a kan faifanka. In ka sake zuwa birni, kar ka bari su sa ka sauri. Ka ci abinci. Taka, Lauratu."

Ɗan'iya bai manta da ranar biki ba, kuma shi ma ya daɗe yana aike gidan su Lauratu tana cewa ba yanzu ba. Yana da keke sabo da albashi, yana ganin in ba shi ba, ba wanda ya dace da malama. Da ya ji inda takardu ke zuwa, bai tsaya ba sai zauren Malam Lauwali, mahaifinta.

Malam Lauwali tsohon magatakarda ne, mutum mai nauyin baki. Ya kira ta bayan azahar.

"Lauratu, na sha magana a kanki shekara goma ban tanka ba. Sunka ce na kai ɗiya ga Nasara, na yi shiru. Yanzu so kike su ce ga abin da karatun ya haifa, ta bi maroƙi?"

"Baba, ba maroƙi ba ne. Bai taɓa karɓar ko goro ba don waƙa."

"Wanda ya rungumi molo, sunanshi ke nan a bakin mutane. Ni ba ni tilasta miki kowa, kin sani. Amma wanga, a'a." Ya ɗan numfasa. "Sai fa in ya aje molon. Ya fasa shi, ya tsaya ga gonarshi. Sannan a yi magana."

Labari ya kai Kebbe. Ranar kasuwar Tambuwal Namadi ya zo da kansa, suka tsaya a bakin shagon tela, Goggo tana gefe tana taya zani.

"Na yarda," ya ce. "Itace ne da fata. In fasa shi."

"Ka fasa shi, sannan in auri wa?"

"Ni mana, Malamata."

"A'a. Wanda na gani a fili an ce ya yi roƙo ya ce ba shi yi. In yau an ce ka yi shiru ka ce to, ba shi ba ne. Manoma sun cika Tambuwal, da manomi kawai nika so da ban sha lakar Kebbe ba."

"Lauratu, abin zai daɗe."

"Ya daɗe. Ni na iya jira, aji na koya."

Ya daɗe kuwa. Bayan wata biyu shugaban makaranta ya kira ta ofis. An kawo masa ƙara cewa garmahon Turanci ya koma na molo, kuma wasu iyaye sun ce za su janye 'ya'yansu daga hannun malamar da ke rubuta wa mawaƙi takarda. Ya ce ta zaɓa. Ta cire makullin akwatin daga bakin zaninta ta ajiye a kan tebur, ta ɗauki faifanta, ta shiga aji ta yi wa 'yan matanta sallama ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta fita daga filin sannan ta bar hawayen suka zubo.

Ta zauna gida. Ƙawayen da suke zuwa a rubuta musu takarda suka ɗauke ƙafa. A wurin biki sai ta ji ana kiɗa molo da baki a bayanta, ana dariya. Mahaifinta yana amsa gaisuwarta da kalma ɗaya. Faifan yana ƙasan akwati naɗe cikin zani, ba abin da za ta sa shi a kai, amma ta riga ta haddace shi har da wuraren jan numfashi. In tana daka, da shi take daka. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce. Takardu ba su tsaya ba.

"Malamata, masu ɗaukar murya sun sake kirana birni. Na ce sai na gama wata magana a Tambuwal."

"Na Kebbe, ka tafi. Maganar Tambuwal ba ta gudu, ni ke tsaronta."

Ya tafi, ya dawo, har rediyo ta fara sa waƙar gero da rana. Mutanen da suka yi dariya suka fara cewa ai namu ne. Malam Lauwali dai bai motsa ba.

Ɗan'iya ne ya kawo dabarar da yake ganin za ta kashe maganar. Matar yayan Lauratu ta haihu, za a yi suna. Ya ce wa Malam, "A kira Namadi ya yi waƙa. In ya gama, a ba shi riga gaban jama'a. Wa ya isa ya mayar da rigar Malam? Da ya karɓa, shi ke nan, ya zama maroƙin gida, ita ma ta gani da idonta."

Malam Lauwali ya yarda, ya ce a kira shi.

Da hantsi aka taru a ƙofar gida bayan an raɗa suna. Lauratu tana cikin soro ita da Goggo, tana leƙe ta jikin asabari. Goggo ta ji abin da aka shirya, ta gaya mata, amma ba halin aika wa Namadi. Ya zauna ya yi waƙar gero, ya yi ta makiyayi. Da ya sauke molo, sai Malam ya yi alama, aka fito da babbar riga fara mai aiki, aka shimfiɗa a gabansa.

"Ga tukuicinka," in ji Malam.

Ɗan'iya yana murmushi. Lauratu ta riƙe hannun Goggo har Goggo ta ce wash.

Namadi ya matso ya durƙusa. Bai taɓa rigar ba.

"Allah ya ƙara wa Malam girma. A yi mini gafara, ba ni karɓa."

Aka ɗau salati. Wani dattijo ya ce, "Kai yaro, rigar Malam?"

"Wanda ya mayar mini da riga a ƙofar gidana," in ji Malam a hankali, "ko ya raina ni, ko yana son abin da ya fi riga. Wanne ne naka?"

"Na biyun, Baba."

Namadi ya kira shi Baba, ba Malam ba. Kowa ya ji.

"To. Ɗiyata ta bar aikinta, ta zauna mini gida shekara biyu kamar an dasa ta. Na tambayi abin da ta ji a bakinka, an ce wani baiti ne da ba shi cikin faifai. Yi shi in ji."

Namadi ya ɗauki molo. Bai yi sauri ba. Ya bi waƙar rijiya tun daga tulu da igiya, har ya iso:

"Wani ya kai ɗiya tai karatu,
Gari na zunɗe, shi yai shiru.
Rijiya ce ya gina bai faɗi ba,
Ga masu ƙishi sun yi layi."

Da yawa cikin waɗanda ke zaune a wurin su ne masu zunɗen, kuma sun san kansu. Kawuna suka sunkuya. Malam Lauwali ya kai hannu ya gyara rawaninsa, ya sake gyarawa, alhali ba abin da ya same shi.

"Wanga ai yabo ne," in ji Malam. "Ka ce ba ka yabo."

"Ba yabo ba ne, Baba. Abin da na gani ne. Shi ya sa ba a biya."

Malam ya juya ga yayan Lauratu. "Ɗauke rigar ga ka adana. Ango ka sa ta, ba mawaƙi ba." Sannan ya dubi Namadi. "Ka turo manyanka. Ka zo da molonka kuma, kar in ji an fasa."

Guɗar Goggo Saudatu ce ta fara fita daga soro, tun kafin maza su shafa fatiha. Da aka waiga neman Ɗan'iya, sai sawun kekensa.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Namadi ya sa farar rigar, ya ɗora hular nan da ya taɓa mayarwa, ya shafa turaren da ya shekara biyu da rabi a rufe. Da za a tafi da amarya, Malam Lauwali ya kira su zaure, ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Taurin kan nan nawa ne, ban da wanda zan zarga. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana fiye da ku."

"Amin, Baba," suka ce, Lauratu tana dariya tana share ido.

A motar Kebbe, da ƙafar motar ta faɗa rami aka fita turawa, Namadi ya leƙo ta taga.

"Malamata, kin yi da-na-sani?"

"Tura mota, Na Kebbe. Kana sauri a tsakiya, nan kuma ka tsaya surutu."

A Kebbe ta share zauren gidansu, ta jingina allo, ta fara da 'yan mata shida. Garmaho kuwa sai daga baya suka samu, kuma ba ta cika sa shi ba, tunda mai faifan yana gida.

In mata suka ce mata ta yi sa'a, ba ta yarda. Takan ce ba sa'a ba ce, saye ta yi. Ta ba da aikinta, ba a kuma mayar mata ba. Ta ba da shekara biyu na zaman ɗaka da fushin uba. 'Yan ajinta goma sha huɗu, tara an cire su bayan tafiyarta, ba su ƙara riƙe alli ba, kuma wannan har yau yana ci mata rai. Abin da tsayuwarta ta ci ke nan, ba ta rage ko ɗaya in tana faɗa. Sannan ta miƙe ta kaɗa ƙararrawa, 'yan matan Kebbe su yi layi.